Wata Guda Da Littattafan Aljanu Da Dodanni: Maganin Kasalar Karatu A Damagaram

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin manyan mutane a Damagaram, ba ta sa zazzaɓi, ba ta kai kowa gidan likita, shi ya sa ba a cika yin maganarta ba. Cutar ita ce mutum ya iya karatu sarai, ya yi shekaru a lakwal ko a gaban malamin zaure, amma ya wayi gari shekara biyar ko goma sun shuɗe bai karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba. Ma'aikacin gwamnati yana karanta takardun biro da takardar albashi, ɗan kasuwa a kasuwar Dole yana duba littafin bashi da takardun duwan, dukansu biyu kuma suna shafe sa'o'i suna murza wayar hannu. Idan aka tambaye su littafin ƙarshe da suka gama, sai su yi dariya su ce ai wannan aikin yara 'yan makaranta ne.

Da yawa daga cikinsu sun taɓa yunƙurin komawa. Mutum zai sayi ƙaton littafi na tattalin arziki ko na siyasar duniya, domin yana ganin shi ne ya dace da girmansa, ya karanta shafi goma barci ya sace shi, littafin ya koma kan kabad yana shan ƙura. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta tsufa. Alhali kuwa wanda ya tashi daga doguwar jinya da kunu ake fara ba shi, tuwon dawa sai ƙarfi ya dawo. Shawarar da ake bayarwa a nan ita ce, duk wanda karatu ya suɓuce masa ya ware wata guda cur, kwana talatin, ya karanta littattafan aljanu da dodanni da matsafa da abubuwan ban tsoro, ba tare da jin kunyar kowa ba.

Wani zai ce me ya haɗa jaridar siyasa da labarin aljanu, ga shi ƙasa tana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro? Abin da ya haɗa su shi ne, jama'ar da ta bar karatu ba ta bar jin labari ba, sai dai ta koma ga wanda ake raɗa mata a kunne. Wanda kuwa ya mallaki labarin da mutane suke tsoro, ya riƙe akalarsu.

Yadda aka rabu da littafi

Ba lalaci kaɗai ne ya kawo wannan hali ba. Waɗanda suka yi wayo a farkon shekarun 1990 suna tuna yadda karatu ya yi kasuwa. A 1990 jaridar Haske mai zaman kanta ta fito a Yamai, wasu suka biyo bayanta. Daga ranar 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa, wanda ya shugabance shi kuwa, Farfesa André Salifou, haifaffen Damagaram ne kuma masanin tarihinta. A wancan lokaci jarida ɗaya takan zaga hannu goma a majalisa kafin ta yage, wanda ya iya Faransanci yana fassara wa wanda bai iya ba. A 1993 wani ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya zama shugaban ƙasa na farko da ya hau mulki ta hanyar zaɓen jam'iyyu da yawa.

Daga nan al'amura suka fara ja da baya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saya a kan sefa 50 ya koma 100, duk littafin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Ma'aikata suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni, yajin aiki ya yi yawa, makarantu suka yi ta zama a rufe. Magidancin da bai san inda zai samo tiyar gero ba, ba ya ta littafi. Juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da kisan Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara ranar 9 ga Afrilu 1999 suka ƙara sanyaya gwiwar masu ganin cewa sanin abin da yake rubuce zai canja wani abu. Ranar 16 ga Janairu 2015 kuma, cikin fushin da ya biyo bayan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, aka cinna wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Damagaram wuta, ɗakin karatunta ya ƙone. Fushin yana da dalilinsa, amma masu zanen ba su yi hasarar ko shafi ɗaya ba, 'ya'yan Birni da Zango da Sabon Gari ne suka rasa wurin aron littafi.

Abin da ya saura wayar hannu ta zo ta kwashe. Ta koya wa ido kada ya tsaya a kan abu fiye da rabin minti, kafin a gama wannan saƙo wani ya shigo. Karatun dogon zance kamar tafiyar ƙasa yake, ƙafar da ta daina sai ta yi nauyi. A nan ne labarin ban tsoro ya fi sauran littattafai amfani, domin shi an gina shi ne a kan hana mai karatu ajiye shi. Ba wanda zai iya barin jarumi a bakin rijiyar aljanu, igiya tana shirin tsinkewa, ya ja bargo ya yi barci. Dole ya juya shafi, kuma kafin ya farga ya juya hamsin.

Kwana talatin

Makon farko a fara da abin da yake kusa da gida. A 1933 Rupert East, Baturen da yake kula da ofishin fassara na Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa, kuma cikin waɗanda suka yi nasara akwai wani saurayi, Abubakar Imam. Shi ne daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Mafi yawan masu karatun Hausa sun taɓa cin karo da shi suna yara, sun yi dariya sun wuce. Amma dattijon da ya ga juyin mulkin 1974 da na 1996 da na 1999 da na 2010 da na 2023, idan ya sake buɗe littafi na farko, wani abu dabam zai gani. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla yadda zai fitar da yaron daga fada a hallaka shi domin ya gaje gadon sarauta. Wanda ya tsare ƙasar daga wannan makirci kuwa aku ne, tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da dogari, sai baki. Kullum yaron ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari, har gari ya waye. Labaran gajeru ne, ana gama ɗaya kafin shayi ya huce, saboda haka sun dace da idon da ya daɗe bai yi aiki ba.

Mako na biyu a shiga dogayen tafiye-tafiye. Ruwan Bagaja na shi Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, labarin Alhaji Imam ne da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekaru yana yawon duniya, suna ta ƙulla wa juna sharri da Malam Zurƙe, har ya dangana da ƙasar aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara, shi ma daga waccan gasa, ya fara da yaƙin da aka yi da Turawan Ingila, sa'an nan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi cikin aljanu da dodanni, da ya dawo gida ya tarar da ƙasa ta zama wata iri. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, labarin yaro ne da aka haifa gurgu, ya yi shekaru a kwance, wata rana baƙi suka zo suka tashe shi da ƙarfin da ba na mutane ba. Asalin labarin daga ƙasar Rasha yake, amma ya zauna cikin Hausa daram kamar a nan aka haife shi. Waɗannan littattafai ƙanana ne, kamfanin NNPC na Zariya ya yi ta sake buga su, kuma mai niyya yana iya gama kowanne cikin dare biyu ko uku. Ranar da mutumin da ya shekara goma bai gama littafi ba ya rufe bangon ƙarshe na ɗaya daga cikinsu, rabin cutar ta tafi.

Mako na uku a faɗaɗa. Akwai Dare Dubu da Ɗaya, da aka buga da Hausa tun 1924, inda wani sarki yake auren budurwa da dare ya sa a kashe ta da safe, har 'yar waziri ta shiga ta tsayar da takobinsa da labarin da ba ya ƙarewa. Akwai littattafan jarumta da tsafi da marubutan Kano irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna da su. Ma'aikacin da ya fi sakewa da Faransanci kuma yana da littattafai biyu na Ingila da aka daɗe da fassarawa, waɗanda ya kamata duk mai kaɗa ƙuri'a ya sani.

Na farko shi ne Frankenstein, wanda Mary Shelley ta fitar a 1818 tana 'yar shekara 20. Wani ɗalibi ne ya harhaɗa sassan gawawwaki ya yi halitta mai rai, da ya ga abin da hannunsa ya yi sai ya tsorata ya gudu ya bar ta. Halittar ta nemi wanda zai karɓe ta, kowa ya kore ta, daga ƙarshe ta juya kan mai yin ta tana kashe masa 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Littafin ya fi ɗora laifi a kan wanda ya yi kuma ya yasar. Mai karatu a Damagaram ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san ɗan siyasar da yake tara samari marasa aikin yi lokacin yaƙin neman zaɓe, ya ba su ɗan kuɗin kashewa da abin da zai gusar da hankali, a gama zaɓe ya canja lambar waya. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder da 'yar garin nan Aïcha Macky ta fitar a 2021, a kan samarin unguwar Kara-Kara, ya ga yadda gari yake tsoron 'ya'yan da shi da kansa ya juya wa baya.

Na biyu shi ne Dracula na Bram Stoker, na 1897. Basarake ne mai dukiya da ladabin baki, ba ya mutuwa, da jinin masu rai yake rayuwa, kusan abin da Bahaushe zai kira maye. Amma yana da ƙa'ida guda: ba ya iya shiga gida karon farko sai wani na cikin gidan ya ce masa shigo. Ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar bashi mai ruwa daga hannun mai fara'a, da talakan da ya taɓa sayar da ƙuri'arsa a kan sabulu da turmin atamfa, sun san wanda ya buɗe ƙofar.

Mako na huɗu a dawo gida da littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, Allah Ya jiƙansa. Ɗan Gudumariya ne, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya yi siyasa a Damagaram, ya yi gudun hijira, ya sha ɗauri zamanin Seyni Kountché, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Littafin ya fito da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Labarin Sarauniyar Aznan Lugu ne da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899 da kibau da asiri. Akwai tsafi a cikinsa, akwai iskoki, amma wanda ya shafe mako uku cikin dodanni zai gane nan take cewa dodon wannan littafi kaki yake sanye da shi, da galan Faransa a kafaɗa. Rundunar ta ƙone garuruwa, ta rataye mutane, ta yi ɓarnar da Birnin Ƙonni ba ta manta ba har yau. Da labari ya kai Faransa aka aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a kusa da Tasawa, bayan 'yan kwanaki kuma sojojinsu suka juya suka kashe shi da Chanoine a yankin Maijirgi. Sauran rundunar ce ta ci gaba, ta gwabza da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga Damagaram.

Wanda ya kai nan ba sai an roƙe shi ba. Da kansa zai nemi littafin da André Salifou ya fitar a 1971 a kan daular Damagaram a ƙarni na 19, domin ya san yadda Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, da yadda ayarin raƙuma yake tasowa daga Tarabulus ya sauka a Zango. Mutumin da shafi goma yake sa shi barci a farkon wata, ga shi yana bin littafin tarihi da fensir a hannu. Amfanin watan ke nan.

Tsoron littafi da tsoron titi

Bayan dawo da ƙarfin ido, akwai wata riba da ta fi shafar zaman jama'a. Tsoro yana nan ko an karanta ko ba a karanta ba. Bambancin shi ne, wanda ya karanta labaran ban tsoro da yawa yakan fara gane yadda ake ɗinka su. Ya san mai ba da labari yana ɓoye fuskar dodo ne domin zuciyar mai sauraro ta zana wadda ta fi muni. Ya san abin kullum a wani gari yake faruwa, ga ƙanin abokin wani, kuma ba a taɓa samun wanda ya gani da idonsa ba. Ya san akan zaɓi baƙo, ko tsohuwa, ko mai wata lalura, a rataya masa laifin. Irin wannan mai karatu idan aka turo masa saƙon murya a WhatsApp cewa wasu mutane sun shigo gari suna yin kaza da kaza, yakan ji ƙamshin ɗinkin da ya sani, ya tsaya ya tambayi wanda ya gani.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin hatsarin wannan. A 1990 jita-jitar satar al'aura ta hanyar musafaha ta tashi a Legas, a 1996 da 1997 kuma ta ratsa ƙasashen yammacin Afirka har Gana da Kodebuwa da Senegal. An yi wa mutane dukan kawo wuƙa a kasuwanni da tashoshin mota, an kashe wasu, kuma waɗanda aka fi nuna wa yatsa baƙi ne, cikinsu har da fataken Hausawa da ba su yi laifin kome ba sai miƙa hannu a gaisa. Labarin ban tsoro ne tsaf, da dodonsa da sihirinsa, sai dai ba shi da bangon da za a rufe a ajiye. Ba a ce karatun Dracula zai hana taron jama'a yin hauka ba. Amma a kowane taro ana bukatar mutum biyu ko uku da za su ce a dakata, kuma irin waɗannan sukan fito ne daga cikin waɗanda suka saba rarrabe ƙage da gaskiya. Haka yake a fagen siyasa, inda kowane mai neman kujera ko mai son dawwama a kanta yake da dodon da yake nuna wa talakawa: wata ƙabila, wani yanki, wata maƙwabciyar ƙasa.

Masu suka

Akwai masu ganin wannan shawara ɓata lokaci ce, har ma da masu ganin ta saɓa wa addini, kuma maganarsu ta cancanci amsa cikin ladabi. Suna cewa waɗannan littattafai ƙarya ce zalla, suna cusa wa mutane sha'awar tsafi. To, Bahaushe ya daɗe da raba tatsuniya da labari. Tatsuniya tana shelar kanta tun daga farko, tana rufewa da ƙurunƙus, kuma ba a taɓa jin wanda ya ɗauki wayon Gizo ko wautar kura a matsayin fatawa ba. Ƙaryar da take halaka mutane ita ce wadda ta yi shigar gaskiya. Samuwar aljanu kuwa Alƙur'ani mai girma ya tabbatar da ita, abin da aka hana shi ne zuwa wurin boka da gaskata shi. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya ga yadda 'yan damfara suke shigar malamai da masu magani suna cin dukiyar wawaye, da wuya ya miƙa jarinsa ga mai cewa zai ninka masa kuɗi. Game da lokaci kuma, ba wanda ya ce a taɓa lokacin salla ko na tilawa. Sa'ar da ake nema, daga hannun waya za a ƙwato ta.

Gaskiya ne cikin littattafan kasuwa akwai na banza, masu batsa, da waɗanda aka rubuta da gaggawa babu kai babu gindi. Maganin wannan shi ne zaɓe, kamar yadda mai sayen goro yake zaɓe. A 2007 hukumomin Kano sun tara littattafan Hausa sun ƙone a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Rubutun bai tsaya ba, ya koma cikin wayoyi, inda uba ba ya ganin abin da 'yarsa take karantawa. Littafin da yake kan tabarma a tsakar gida kowa yana iya ɗauka ya duba.

Wasu kuma suna cewa gudun duniya ne, mutum ya bar matsalolin ƙasa ya tafi yawo cikin aljanu. Manomin da ya shiga inuwa da tsakar rana bai gudu daga gona ba, zai koma da la'asar. Wata guda aka ce, kuma an ga inda watan yake ƙarewa: a Tirmini, a ƙofar Birni.

Bashin da yake kan Damagaram

Mai lura zai ga wani abin takaici a cikin wannan jeri. Littattafan Hausar da aka ambata duka daga Zariya da Katsina da Kano suke, na gida kuma da Faransanci aka rubuta su. Alhali kuwa ƙasar Damagaram tana da hannu a farkon shigar labarin Hausa cikin littafin boko. Dorugu yaro ne daga wani ƙauye kusa da Kance, mahara suka kama shi suka sayar, Bature Adolf Overweg ya 'yanta shi a Barno, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, ya isa Ingila a 1855. A can James Frederick Schön ya rubuta tarihin rayuwarsa da tatsuniyoyi daga bakinsa, suka shiga littafin Magana Hausa na 1885, kusan shekara hamsin kafin gasar Zariya. A Damagaram ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar, a 1973.

Kayan aiki ba su ƙare ba. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna a garin a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na kamun bayi da hukuncin kisa. Akwai kisan Kyaftin Cazemajou a 1898. Akwai zargin makircin 1906 da ya sa Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka kai shi Kodebuwa, suka ɗora Ballama a kan jama'a. Akwai yunwar Kakalaba ta 1914. Akwai shekarun da garin ya yi yana babban birnin Nijar, daga 1911 zuwa 1926, kafin a kwashe a kai Yamai. Akwai duwatsun da suka yi wa Birni rumfa, da tsofaffin rijiyoyi, da lungunan da kowace tsohuwa take da labarinsu. Marubucin da ya rasa abin ban tsoro da ban mamaki a cikin wannan, bai nema ba ne. Har wata Ba'amurkiya 'yar asalin ƙasar Ibo, Nnedi Okorafor, ta fitar da littafin The Shadow Speaker a 2007, ta kafa labarinsa na sihiri a Nijar ta shekarar 2070. Idan ta hango wannan daga Amurka, ɗan Birni ba shi da hanzari.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka tana iya ba harshe muƙami, amma ba ta iya sa magidanci ya kunna fitila da dare domin ya ga ƙarshen labari, wannan aikin marubuta ne da masu ɗaure musu gindi. Jami'ar Damagaram, mai ɗauke da sunan André Salifou, tana iya shirya gasa irin ta 1933 a kan labaran al'ajabi da Hausa. Attajirin da yake raba kujerun Makka da buhunan shinkafa ba zai gaza ɗaukar nauyin kyautar da buga littattafai uku da suka yi fice ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu suna iya ware rabin sa'a da dare a riƙa karanta su domin waɗanda ba su yi boko ba, su ne kuwa mafi yawa. Kano ba ta fi tafiyar yini ɗaya ba, motocin kaya suna zuwa kullum, ɗan kasuwar da yake sayo atamfa da robobi yana iya ɗoro kwali ɗaya na littattafai ya ajiye a gefen shago ya ga abin da zai faru.

Kafin manya su motsa, mai gida yana da abin yi daga daren yau. Bayan sallar lisha ya bar waya a ɗaki, ya fito tsakar gida da Magana Jari Ce, ya karanta da ƙarfi yara da uwargida suna ji. Idan ya yi tuntuɓe a kan kalma su gyara masa, babu laifi. Gobe su ne za su tuna masa inda aka tsaya. Allah Ya sa a dace, amin.